Idon da Ban Kalla Ba

A shekarun da kuɗin mai ya yi ambaliya a ƙasarmu, ni ina Landan ina karatu da tallafin gwamnatin jiharmu. Takardar da aka turo ni da ita cewa ta yi in koyi zanen atamfa, in na gama in koma in kama aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kaduna. Amma tun watannin farko na gane fuskar mutum ce take ja na. Ina zuwa ajin atamfa don kada a yanke mini tallafi, sauran lokacina kuwa yana wurin wata malama Baturiya mai koyar da zanen mutane da fenti.

Ina zaune a Deptford, a ɗaki guda bisa shagon wata 'yar Gana mai sayar da busasshen kifi da manja. Duk kayana warin kifi suke yi, har burushin fentina. Ranar Asabar nakan ɗauki allo da gawayi in tafi inda baƙi ke yawon buɗe ido, in zana duk wanda ya zauna. A nan hannuna ya faɗa. Bature in ya zauna gabana, ko ya kai sa'an kakana, kallonsa nake yi kamar yadda mahauci yake kallon rago, in ƙirga tamojin goshinsa, in leƙa cikin idonsa, ba abin da ke damuna. Har na fara jin kaina, ina ganin ba fuskar da za ta gagare ni.

Wani likita ɗan garinmu ne ya tare ni bayan sallar Juma'a, ya ce akwai wani Alhaji, ɗan kwangilar siminti daga Kano, yana neman mai zane Bahaushe. Ya rubuta mini adireshi. Da na ga sunan unguwar sai da na sake tambayarsa ko ya yi kuskure, don wuri ne da ko wucewa na zo yi sai na gyara wuyan rigata.

Gidan tsoho ne ƙwarai, an gina shi tun ba a haifi kakan kakana ba. Siriri ne daga waje, hawa biyar, yana jere da 'yan'uwansa masu farin fenti, sun kewaye wani lambu da ba mai shiga sai mai makulli. Kicin a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma a bangonsa akwai jerin ƙararrawa da masu gidan na da suke kiran barori da su. Kowane ɗaki da murhunsa na jin ɗumi, na farin dutse. Zuriyar da ta gina shi ta ƙare ko ta tsiyace, Alhaji ya saya da duk abin da ke ciki, har da hotunan kakanninsu na fenti da ba wanda ya zo ɗauka. Waɗanda ke cikin ɗakuna an lulluɓe su da zanin gado saboda salla. Na kan matattakala kuwa an bar su, tsofaffin Turawa masu farin gashin aro, suna harara duk wanda ya hau.

Mutanenmu ba su bar gidan ya juya su ba. Takalma a jibge suke a bakin ƙofa, kujerun alfarma masu ƙafar zinariya an ture su jikin bango, an baje a kan darduma ana cin tuwo da miyar kuka a ƙarƙashin wata fitila mai rassa kamar bishiya. A banɗakin da aka yi wa ado da madubai, buta uku na gani a jere. Na yi dariya a raina, amma gaskiya hankalina ya kwanta.

Alhaji mutum ne mai jiki da murya, wanda manyan ma'aikata kan zauna jiransa. Ya gaya mini buƙatarsa a tsaye, yana duba agogo. Mahaifinsa ne aka kawo Landan neman magani saboda ciwon ciki, likitoci kuma ba su ba da labari mai daɗi ba. Tsohon bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, sai guda ɗaya na fasfo, shi ma ya runtse ido lokacin da hasken ya haska, hatimi kuma ya cinye rabin fuskar. Yanzu ya yarda a zana shi, kuma Alhaji yana so a yi kafin lokaci ya ƙure. Wannan hoton shi kaɗai ne zai rage musu.

Wadda ta shawo kan tsohon ita ce 'yar Alhaji, budurwa mai kamar shekara ashirin, tana karatun haɗa magunguna. Tun tana ƙarama aka kawo ta makarantar kwana a Ingila, don haka Hausarta da Turancinta a cakuɗe suke. Tsakaninta da kakanta akwai wasan jika da kaka mai ƙarfi. Yana ce mata uwargida, tana ce masa tsohon ango mai rowa, tana jan gemunsa tana ƙwace masa goro. Ita ta kai ni ɗakinsa a hawa na biyu, ɗaki mai dogayen tagogi da hasken safiya ke shiga sosai.

Yana zaune a kan buzu, ya ƙi gado, ya ƙi kujera. Tsohon falke ne na goro, ya taka Gwanja da ƙafarsa tun yana saurayi. Na cire hula ta sanyi, na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, idona a kan darduma. Ya tambaye ni ɗan wane ne ni, na ce mahaifina maɗinki ne a Zariya, irin masu zama a zaure suna fitar da aska takwas a jikin babbar riga da allura. Ya ji daɗi, ya ce ashe ɗan gida ne, ya sa aka ɗauko masa wata babbar riga ta saƙi mai shuɗi da ya ce ita yake so a gan shi da ita.

Ina cikin kafa allona Alhaji ya shigo gaisuwar safe. Abin da na gani ya ba ni mamaki, ko da yake a cikinsa na tashi. Mutumin da ɗazu muryarsa ta cika falo ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa ƙasa-ƙasa. Tsohon ya amsa a gajarce yana kallon taga, bai ambaci sunansa ba. Alhaji ɗan fari ne, kuma tsohon na mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari har kabari. Jikar ta gaya mini daga baya cewa tunda ta yi wayo ba ta taɓa ganin sun haɗa ido ba, ba ta taɓa ganin sun ci abinci kwano ɗaya ba. Kullum haka ake yi, minti biyu, ya tashi ya fita.

Zama tara muka yi, duk da hantsi. Na fara da riga, kuma a nan na nuna ni ɗan maɗinki ne. Kowane zare na aska takwas ɗin nan na bi shi, na fitar da inda saƙin ya koɗe a kafaɗa, da yadda shuɗin yake komawa baƙi a cikin ninki. Na koma kan hannuwa, dogayen yatsu masu jan goro a farce, da carbin da ke zagaya su. Hula, kunne, gemu, tsagen da ke kumatunsa, duk na samu, don nakan saci kallo in ya sunkuya yana jan carbi ko gyangyaɗi ya ɗauke shi. Amma da zarar ya ɗago ido, nawa ya faɗi ƙasa. Ba shawara nake yi ba, wuyana ne kawai yake lanƙwashewa, kamar yadda aka koya masa tun ina tatata.

Hira kuwa mun sha ta. Ya ba ni labarin jakuna da kogunan da ake haurawa da kaya a ka, da yadda ake yayyafa wa goro ruwa a hanya don kada ya bushe. Yakan yi wa Turawan kan matattakala ba'a, ya ce duk ranar da ya wuce sai ya yi musu sallama, ba su taɓa amsawa ba, amma aƙalla jikokinsu sun san kamanninsu. Na gane abin da ya sa ya yarda ke nan. Ina jin muryarsa tana dariya, ina amsawa da "haka ne, Baba", idona yana kan gwiwarsa.

Na kai wa malamata ƙananan zanen da na yi na gwaji. Ta daɗe tana dubawa, ta yaba rigar, sannan ta tambaye ni ina mutumin yake. Na yi mata bayanin cewa a wurinmu yaro ba ya zuba wa babba ido, rashin tarbiyya ne. Ta ce ta fahimta, amma to in mayar musu da aikinsu su nemi wani. Na ji haushinta ƙwarai. Na fito ina cewa a raina me Baturiya ta sani game da kunya, alhali ita ce ta faɗa mini gaskiya.

A zama na takwas ne tsohon ya kama ni. Ya sa aka juyo masa allon ya gani. Komai ya kammala, sai wurare biyu a ƙarƙashin gira da na bari fili, launin ƙasa kawai. Sai ya ce jikar ta ba mu wuri.

"Ɗan nan, makaho ka zo zanawa?"

Na ce a'a, Baba, ido ne ake bari sai ƙarshe. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce.

"Kwana takwas kana kallon gwiwata. Na san gidan da ka fito, an yi maka tarbiyya, Allah ya yi wa iyayenka albarka. Amma wanzami ba ya kunyar ƙeyar sarki. Ni na kira ka, ni na ba ka izini. Ɗago ka kalle ni."

Na ɗago. Wallahi na ɗago, amma ban kai ƙiftawa biyu ba. Na ga wani abu mai haske da ruwa-ruwa, sai kunya ta rufe ni kamar an kama ni ina leƙen ɗakin surukai, na mayar da kaina ƙasa ina murmushin wauta. Na ce gobe in sha Allahu, yau hasken ya gushe. Ya yi 'yar dariya ya ce to, Allah ya kai mu. A zama na tara jikinsa ya motsa, bai iya minti goma a zaune ba, ni kuma har da jin sauƙi a raina cewa an ɗaga mini. Wannan jin sauƙin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a yau.

Kwana biyu bayan haka aka kwantar da shi a asibiti. Da ya ga abin ba na tashi ba ne, ya ce a mayar da shi gida, ba zai mutu a garin da ba a jin kiran salla ba. Aka yi masa yadda yake so. Bai cika mako biyu a Kano ba ya rasu.

Kafin su tafi Alhaji ya bar wa mai kula da gidan saƙo cewa a riƙa buɗe mini in ƙarasa aikina, yana so ya tarar da shi in ya dawo bayan sadakar arba'in. Na riƙa zuwa ina zama a ɗakin nan ni kaɗai, gaban buzun da ba kowa a kai. Na sa aka nemo mini kwafin hoton fasfo, bai amfane ni da komai ba. Na rufe ido na nemi abin da na gani a ƙiftawar nan, ya ƙi zama. Na zana ido na goge ya fi sau goma, kowanne sai ya fito kamar na kifin shagon da nake kwana a kai.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In bar wurin fili in faɗi gaskiya, ko in jira jikar ta dawo ta kwatanta mini. Amma ina da shekara ashirin da biyar, wannan ne babban aikina na farko, kuma na san duk manyan mutanenmu da ke shiga gidan nan za su gan shi. Ban so a ce yaron bai iya ba. Wata rana ina saukowa sai na tsaya a gaban ɗaya daga cikin Turawan matattakala, wani tsoho mai jar kwat da ba wanda ya san sunansa. Wanda ya zana shi gwani ne, idanun kamar za su yi magana, masu nauyi, masu sa mutum ya gyara tsayuwa. Na ce a raina ai dattijo dattijo ne. Na ɗauko takarda na kwafe su, na hau sama na dasa su a fuskar tsohon, na mayar da shuɗin ƙwayar ya koma baƙi-baƙi. Suka zauna daram, har ni kaina na yaba.

Jikar ce ta riga dawowa saboda makaranta. Na sa an yi wa hoton firam, na jingina shi a kan murhun babban falo, na tsaya gefe ina jiran yabo. Ta shigo da mayafinta, ta tsaya. Ta matsa kusa ta taɓa hannun, ta taɓa gemun, hawaye ya zubo mata. Sannan ta kai ga idon, sai na ga kukan ya tsaya.

"Malam, wannan ba shi ba ne. Rigar tasa ce, hannun nasa ne, but these are not his eyes. Kakana bai taɓa kallon kowa haka ba."

Na fara kame-kame, ina cewa fenti yakan sauya in ya bushe. Ba ta ko saurare ni ba. Ta ce idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta, kuma kullum kamar yana ɓoye wata dariya. Ta ce akwai abin da ita kaɗai take gani, don ita ce take zaune a gefensa kowace safiya. In babanta ya gama gaisuwa ya juya zai fita, tsohon yakan bar kallon taga ya bi bayansa da ido har ya ɓace, da wani irin kallo da ba ta taɓa ganin ya yi wa kowa ba, har ita. Ta ce saboda wannan kallon ta dage a yi hoton, tana so babanta ya gan shi ko sau ɗaya.

Na faɗa mata gaskiya duka, har da Baturen matattakala. Na ɗauka za ta zage ni, da ma ta zage ni ɗin. Na ce ta zauna ta kwatanta mini in gyara. Mun gwada a takarda kwana uku, tana cewa ƙara nan, rage can, amma ba a zana ido da labari. A rana ta uku ta ajiye takardar ta ce in bari, babanta zai sauka gobe, kuma an riga an gaya masa a waya cewa hoto ya kammala.

"Kada ka gaya masa," in ji ta. "He has nothing else. Ka bar shi da wannan."

Bayan wannan aikin ƙofofi sun buɗe mini, kamar yadda na yi fata. Na zana 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da matansu a gidaje irin wannan, na bar zancen atamfa har abada. Na kuma koyi kallon manya, don tun daga ranar duk wanda ya zauna gabana nakan nemi gafararsa tun farko, in ce aikina ya tilasta mini rashin kunya, sannan in zuba masa ido. Ba wanda ya taɓa jin haushi. Abin da sauƙi ashe, kalma biyu ce kawai, kuma tsohon da bakinsa ya riga ya yafe mini ita.

Washegarin ranar da 'yarsa ta ce kada in gaya masa, Alhaji ya iso da la'asar. Ya rame, muryarsa ta ragu. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya wuce falo, muka bi shi ni da 'yarsa. Da ya hango hoton daga bakin ƙofa sai ya tsaya cak, ya cire takalmin da ya manta bai cire ba, kansa ya sunkuya kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Sannan a hankali ya ɗago, ya taka har gaban murhun, ya tsaya yana kallon fuskar kai tsaye. Mutum mai shekara kusan hamsin, ranar ce ta farko da ya tsayar da idonsa a cikin na mahaifinsa, kuma idon wani Bature ne da ya mutu tun kafin a haifi kakansa.

Ban san minti nawa ya yi ba. 'Yarsa ta juya tana kallon lambu ta taga. Ni kuwa ina ta addu'a a raina ya ce bai yi kama ba, ya kore ni, ya ce in kwashe tarkacena. Sai ya gyaɗa kai, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Ashe haka yake kallona. Da ma na sani, ban taɓa cika masa ido ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kai da ka zauna da shi, haka idonsa yake, ko?"

Na dubi 'yarsa, ba ta juyo ba. Na dubi darduma.

Na ce, "Haka yake, ranka ya daɗe."